Muryar Huseina da Riɗin Gadambaliya

Huseina ba ta iya riƙe labari, kuma ba ta taɓa yin kamar ta iya ba. In mace ta jawo ta gefe za ta yi mata raɗa, takan tsayar da ita tun kafin ta buɗe baki, ta ce in sirri ne a kai wa wata, don ita kafin la'asar ta kai shi kasuwa. Mutanen unguwarsu a Gadarif sun san haka, suka kuma ci gaba da gaya mata, musamman abin da suke so ya bazu ba da sunansu ba.

Mahaifinta tela ne, jikan alhazan da suka taso daga yamma guzuri ya ƙare musu a nan. Shi ya fara sayen rediyo a layinsu. Wata safiya tana yarinya rediyon ya daina magana, sai kiɗan soja, can wata murya ta ce gwamnati ta canza. Kafin dattawa su gama kallon juna Huseina ta zaga gida-gida ba takalmi. A rayuwarta ta ji wannan kiɗa ba sau ɗaya ba, har ta yanke hukuncinta: mulki na wanda ya riga isa gidan rediyo ne, sauran jama'a nasu saurare.

Da ta girma ta kafa ƙwaryar godo-godo, irin furar nan ta gero da nono, a tashar lori, inda labarin garuruwan Mafaza da Fau ke sauka da ɗuminsa. A nan ta auri Mudi direba. Takan ce ba kyansa ta bi ba, don ba shi da shi, labarinsa ne bai taɓa kwana ba. Sun zauna lafiya, suna yini gardama suna dariya. Da ya rasu ya bar mata gona a wajen Gadambaliya, ita da ƙanenta Ɗahiru suke noma ta.

Yaƙin baya-bayan nan ya same ta da furfura da kuma wayar da 'yarta ta aiko mata. Yaƙi ne na ƙananan motoci masu gudu, da jiragen nan marasa matuƙi da ake kira musayyara, da waya a kowane aljihu. Gari kan watse kafin a harba harsashi ɗaya a cikinsa. Gadarif ta cika da masu gudun hijira, makarantu suka zama ɗakunan kwana. Huseina ta koyi danna wurin magana ta saki murya, ta ce da tun tana budurwa aka yi wannan abu da ba ta kashe takalma da yawa ba.

A kakar nan riɗinta ya yi kyau fiye da kowace shekara. Shi kuwa riɗi ba ya jira. Da zarar ya yi rawaya sai a yanke a ɗaure a jingina, in an makara kwanson ya tsage, ƙwayar ta zube a tsagar baƙar ƙasa, ba mai tsince ta. Ɗahiru ya samo jango, ma'aikatan kaka, ƙarƙashin wani dogo mai suna Hamisu, suka fara yanka.

Rana ta yi tsaka Huseina ta hau tudun sansanin ma'aikatan da tukunyar abincinsu, sai ta hango ƙura ta tokare sama ta yamma, da jerin manyan abubuwa masu ƙara a ƙarƙashinta. Ba ta jira ba. Ta danna waya ta ce mayaƙa sun iso Gadambaliya, da idonta ta gani, kowa ya yi ta kansa.

Kafin ta sauko daga tudun, wayoyin jango sun fara kuka a cikin gona. Suka zubar da lauje. Gonar maƙwabci ta watse, ta gaba da ita ma, masu shayi a bakin titi suka bar wuta tana ci. Da ƙurar ta matso sai ga taraktoci da injinan girbin dawa, masu su sun kwaso su daga wajen Fau don kada a ƙwace. Direban gaba ya tsaya ya roƙi ruwa, ya tambaya ko annoba aka yi a nan.

Ɗahiru ya dubi gonar da ba kowa, ya dubi yayarsa. "Yaya, barka. Kin ci Gadambaliya ba harsashi. Saura ki naɗa ministoci."

Ta ce ya rufe mata baki ya tayar da mota. A hanya ta saki murya ta biyu, cewa taraktoci ne, kuskure ta yi. Wannan ba wanda ya tura wa kowa.

Washegari ta sami Hamisu a tashar lori shi da mutanensa, suna neman motar zuwa garin Kasala. Ta yi masa bayani, ya girgiza kai. Ya ce ɗan'uwansa ya turo masa shaida daga nesa, har da hoton mota tana cin wuta. Ya kunna mata. Muryarta ce, an haɗa ta da hoton da aka ɗauka a wani gari da ba ta taɓa gani ba.

"Ni ce wannan, Hamisu."

"Na sani, Hajja. Amma a nan kin fi tabbaci."

Ta bar shi ta wuce makarantar da baƙi ke kwana. Ta tsaya a tsakar fili ta gaya musu gaskiya ba ado: ita ce tsohuwar da ta hana su barci jiya, riɗinta zai zube, duk wanda ya tura muryarta ya tura ƙafarsa gona. Akwai abinci, akwai rabo daga abin da aka yanka. Wata malamar makaranta daga Madani mai suna Zaituna ta fara dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce ta gudu daga gari biyu, jiya ta ɗaure kaya za ta bar na uku saboda tarakta. Ita ta fara hawa lorin da Huseina ta ɗauko, sauran suka bi.

Huseina ta sa direba ya bi ta cikin tasha a hankali. Jango suka ga ma'aikatan ofis da malamai da wani mai gyaran haƙori, kowa riƙe da lauje kamar cokali. Hamisu ya ce waɗannan za su yanke yatsunsu su ɓata riɗin mutane, kuma ba zai bari a ce matan Madani sun shiga inda ya gudu ba. Ya hau, mutanensa suka hau.

An yi yankan da hayaniya da tsiya. Jango suna yanka, baƙi suna ɗauri, ɗaurin yana kwancewa ana sakewa. Gefen gabas ya riga ya tsage, wannan kurciyoyi suka ci. Sauran ya shiga buhu. Huseina ta yanka akuya, ta dama godo-godo da hannunta, Zaituna ta koma makaranta da riɗin da ya ishe ta kaiwa wurin masu matse mai.

Muryar dai ba ta mutu ba. Bayan wata ɗaya ta dawo daga Kasala, an canza sunan garin a rubuce. Daga baya wani a Jidda ya turo wa 'yarta, yana tambaya ko uwarta ta tsira. Duk dawowarta sai wani ƙauye ya ɗaure kaya.

Huseina tana nan a tashar, tana zaune a kujera jikokinta na zuba wa masu saye. Ba ta daina ba da labari ba, yau ma in ka je za ka ji wa ya saki wa. Amma duk baƙon da ya karɓi ƙwarya sai ta riƙe bakin ƙwaryar ta ce: "Yaro, duba wayarka. In akwai wata tsohuwa a ciki tana cewa sun iso, don Allah ka goge ta, ka ce wa wanda ya turo maka shi ma ya goge."