Shafin da Ke Cikin Littafi

A ɗakin kwamfuta na laburare rabin awa kowa yake samu, kuma da ka tashi na'urar take goge duk abin da ka yi. Kusa da ni wata ɗaliba ce siririya, an ɗaure ƙafar gilashinta da zare. Littafin rubutu ne buɗe a cinyarta. Da biro ta rubuta umarnin gina shafin intanet, layi bayan layi. Ina jin ba ta da kwamfuta a gida, a takarda take koyo.

Da yatsa biyu take kwafa, leɓenta na motsi. Tana shafi na uku cikin goma sha ɗaya mai kula da ɗakin ya tsaya a kanta.

"'Yan mata, lokaci ya yi."

"Baba, bari in gani ko sau ɗaya."

Ta danna. Farin allo ya fito da layi ɗaya a sama: Shagon Ɗinkin Mama. Ƙarƙashinsa babu komai.

"Jiya ma nan kika tsaya," in ji shi.

Ta mayar da 'yar takardar da take sa alama da ita shafi na ɗaya, ta rufe littafin.