Malamin Laraba bai iso ba tukuna

Jiya na shigo gida na tarar da 'yata Hafsa tana wanke-wanke, tana rera waƙar coci da Twi, yaren mutanen garin nan. Har da amshi, ita kaɗai.

Makarantar gwamnati take zuwa, nan kusa da unguwar Aboabo. Duk Laraba wani fasto yakan zo ya yi wa yara wa'azi kyauta. Mu iyaye Musulmi na unguwar Zongo muka tayar da jijiyar wuya a taron iyaye, har aka kafa ƙa'ida: Musulmi ma su kawo malamin sa-kai guda ɗaya.

Guda ɗayan nan ne ya gagare mu. Masu sakin hannu a salla sun ce ba za su ba mai ɗora hannu a ƙirji 'ya'yansu ba. Su ma waɗancan sun ce haka. Har yau muna zaman shawara.

Na ce, "Hafsa, coci kike zuwa?"

Ta ce, "A'a, Baba. Madam shugabar makaranta ta ce mu zauna gindin mangwaro mu jira malaminmu. Tagar ajin fasto kuwa a buɗe take."

"Me ya sa ba ki toshe kunne ba?"

"Na toshe satin farko. Hannuna ya gaji."

Ta ci gaba da cuɗa tukunya.

Mu muna can muna gardamar inda za a ajiye hannu, na yarinya ya riga ya sauka daga kunne. Jama'a, a makarantar 'ya'yanku wa yake zuwa ranar Laraba?