Ranar Da Muka Share Wa Yaya Sa'idu Hujjarsa

A daminar bana Yaya Sa'idu ya cika shekara tara a ƙasa. Ni ne ƙanensa Isiyaku, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shagon atamfa a babbar kasuwar Garwa. Duk shekara idan hadarin farko ya taso daga gabas, iska ta fara wasa da ledoji a bakin titi, sai abin da ya faru ya dawo mini sabo. Na daɗe ina son in rubuta wannan, kunya ke hana ni. Bana dai na ce ko kunyar za ta kashe ni sai na faɗa.

Wanda bai san shi ba, Yaya ya yi shekara ashirin da wani abu yana akawu a ofishin wani lauya a nan Garwa. Ba lauya ba ne, amma duk unguwa Metir ake ce masa, laƙabin da ake kiran lauyoyi da shi a Faransanci, shi kuma ba ya musu, sai dai ya gyara zaman tabarau. Aikinsa da aka fi saninsa da shi shi ne inshora, wadda mu nan muke kira asirans. Direban da motarsa ta kife a hanyar Ngong, ɗan kasuwar da ruwa ya ci masa siton masara, matar da bangon makwabci ya faɗa wa ɗanta, duk zauren Yaya suke nufa. Ya karanta musu takardun Faransancin nan masu rubutu kamar ƙafar kiyashi, ya fassara da Hausa ko da Fulatanci, ya haɗa musu takardu, ya raka su wurin maigidansa lauya. Kakanninmu daga Katsina suka zo da fatauci, kuma a danginmu kaf shi ne mutum na farko da ya taɓa yarda ya biya kamfani kuɗi saboda masifar da ba ta riga ta zo ba. Babanmu har ya rasu yana ce masa mai gardama da ƙaddara.

Magana ɗaya gare shi, ya maimaita ta har yaran gida suna kwaikwayonsa: idan ɓarna ta auku, kada a taɓa komai sai wisiye ya zo. Wisiye shi ne ma'aikacin shari'ar da ke zuwa ya duba da idonsa, ya rubuta abin da ya gani, ya buga hatimi. Takardar nan ita ce hujja. Na ji wannan magana sau ɗari, ban rantse ba. Ina jin ta ne kamar yadda ake jin kiran mai tallar ruwa.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Gari ya yi jajir, sannan ya yi baƙi, guguwa ta taso gaban ruwa. Yaya ya ruga siton da muka gada na babanmu, wanda ke cike da buhunan gyaɗa da masara, don ya rufe ƙofofi. Iska ta shiga ta ƙofa ɗaya ta ɗaga rufin gaba ɗaya, babban katakon tsakiya ya sauko masa a gadon baya. Muka ciro shi muka kai asibiti, bai san inda kansa yake ba.

Ni mutum ne mai gaggawa, Yaya ma Sarkin Sauri yake ce mini. Washegari bayan sallar asuba na miƙe a masallaci na ce jama'a a taimaka. Ba sai na faɗa sau biyu ba. Haka muke a unguwarmu: ba a barin ɓarnar mutum ta kwana biyu a idon duniya, abin kunya ne ga makwabta. Kafin hantsi mutum arba'in sun taru. Matasa suka kwashe tarkace, kafintoci biyu suka ce ba za su karɓi ko sisi ba saboda Metir ya taɓa tsaya musu. Kwanukan da suka lanƙwashe muka ba masu sayen ƙarfe. Karyayyen katakon da ya danne shi, mata suka ce ba sa son ganinsa, aka faskara shi aka dafa wa masu aiki abinci da shi. Buhunan da suka jiƙe na ce a raba sadaka kafin su ruɓe, Allah ya tashi kafaɗar Yaya. Ba wanda ya ɗauki hoto. Wa zai tsaya ɗaukar hoton masifar ɗan'uwansa mutane na aiki? Cikin kwana uku sito ya koma kamar ba abin da ya taɓa shi, kuma wallahi na ji daɗin kaina.

A rana ta huɗu ya farfaɗo sosai. Na zauna bakin gadonsa ina ta zumuɗi.

"Yaya, kada ka sa komai a ranka. Sito mun gyara shi, har rufi ya hau."

Ya kalli silin. Sannan ya ce, "Wisiye ya zo?"

Sai a lokacin maganarsa ta faɗo mini.

"Kun share?"

"Tas, Yaya."

Ya lumshe ido. "Allah ya saka muku da alheri. Ka yi wa jama'a godiya."

Iyakar abin da ya ce ke nan, ranar da kuma duk ranakun da suka biyo baya. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Likitoci suka ce ƙashin bayansa sai an yi aiki a Yawunde, in ma da hali a waje, kuma kada a daɗe. Abin da ke hannunmu bai kai ba. Amma Yaya yana da asirans a kan siton da kuma a kan jikinsa, bai taɓa fashin biya ba. Waɗannan kuɗin su ne tsakaninsa da sake taka ƙasa da ƙafarsa. Kamfanin ya turo mutuminsa daga Duwala bayan mako uku, da jaka da takalmi mai ƙyalli. Ya zagaya sito ya ga sabon rufi, ya ga daɓe a share, ya ce shi bai ga ɓarna ba. Daga baya suka rubuto cewa babu abin da ke nuna iska ce ta kayar da rufin, wataƙila katakon ne gara ta cinye, kuma ba su ɗauki nauyin sakaci ba. A kawo katakon a duba. Katakon da muka dafa shinkafa da shi.

Maigidansa lauya, Allah ya ji ƙansa shi ma, ya karɓi shari'ar kyauta. Muka ce muna da shaidu arba'in, kowa a shirye yake ya dafa Alƙur'ani. Lauya ya ce mini cikin tausasawa, shaidu suna da amfani, amma duk makwabta ne kuma duk sun ci sadakar gyaɗar, lauyan kamfani ba zai sha wahala da su ba. Yaya na kwance a ɗaki yana shifta wasiƙu, matarsa Asta na rubutawa, ni ina kaiwa. Ya san kowace ƙofa ta dokar nan, ya ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Kotu ta ɗage zama, ta sake ɗagewa. Wata goma sha huɗu yana kwance, ƙafafunsa suna ƙanƙancewa, gyambon kwanciya ya kama shi. Ya rasu ana saura kwana tara a koma zama na biyar.

Shari'ar tana nan har gobe, in ana kiran wannan shari'a. Lauyan ya rasu, wani yaro da ya gaji ofishin ya gaji takardun, yana gaishe ni da ladabi duk lokacin da na je, ya ce ana kan bi. Asta ta daina tambayata. Ni ma yanzu ina zuwa ne kamar yadda ake zuwa ziyarar maƙabarta.

Nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo yau me zai ce? Zai ga waya a hannun kowa. Guguwa na tasowa, kafin ta lafa an riga an tura hotonta Marwa da Kuseri, har da kiɗa a kai. Na san zai yi dariyar nan tasa ta hanci ya ce to, yanzu kun iya ɗaukar rufin wani yana tashi sama, amma naku fa? Zai ga iskar ta ƙara ƙarfi, itatuwan da ke tare mana ita an sare an yi gawayi, gine-gine sun yi yawa, katako ya ƙara sirancewa. Zai ga ofisoshin asirans sun ƙara kyau, da gilashi da na'urar sanyi, rubutun takardunsu kuwa bai ƙara girma ba. Abin da ba zai gani ba shi ne zaure irin nasa, inda talaka zai zauna a karanta masa takarda da harshensa ba a ce ya biya kuɗin buɗe baki ba. Wannan ya tafi da shi.

Na ɗauka aƙalla maganarsa ta rage, tunda ni na riƙe ta, ko da a makare. Watan jiya iska ta kwashe rufin shagon Malam Buba, makwabcinmu mai injin niƙa, dattijon da ya yi aiki a siton Yaya ranar nan da hannunsa. Da safe na tarar jama'a sun taru, an fara jan kwano. Na ratsa su na tsaya a ƙofa na buɗe hannuwa, ni da furfurata.

"Don Allah kada a taɓa komai! A bari wisiye ya zo tukuna."

Aka tsaya ana kallona. Malam Buba ya matso ya dafa kafaɗata.

"Isiyaku, wisiye ya zo ya rubuta wa wa? Ai ba ni da asirans."

"Baba, ba Yaya ne ya yi maka da kansa ba?"

"Shi ne. Na bari tun shekarar da ya rasu. Duk layin nan mun bari." Ya sassauta murya don kada yara su ji. "Metir da ya san takarda ciki da waje, me ya samu? Balle mu."

Shekara ashirin Yaya yana lallashin mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage musu daga gare shi ke nan: sunansa ya zama dalilin da ake kafawa don a ƙi. Kuma ba su san ba takarda ce ta ci amanarsa da farko ba. Ni ne, da mutum arba'in masu ƙaunarsa.

Na so in faɗa musu haka a wurin. Amma hadari ya fara haɗuwa, injin Malam Buba na waje. Na sauke hannuwana, na naɗe hannun riga, na kama bakin kwano ɗaya muka ja.

Allah ya ji ƙan Yaya Sa'idu, ya yafe masa. Ni kuma ya sa ya yafe mini, don har ya koma ga Mahaliccinsa bai ba ni damar roƙonsa ba.