Malam Isiyaku Majemi da Kundinsa na Ajami

Haihuwa da asali

An haifi Malam Isiyaku Nata'ala a shekarar 1946 a garin Ƙaura Namoda. Mahaifinsa, Malam Nata'ala, majemi ne mai ramukan jima bakwai a bayan gidansa, mahaifiyarsa Kalsum kuwa 'yar gidan dukawa ce. Shi ne babba a maza, sai ƙaninsa Alu.

Karatu da koyon sana'a

Ya sauke Alƙur'ani mai girma a shekarar 1960, ya kuma ƙware a rubutun ajami, amma bai taɓa shiga ajin boko ba. A majemar mahaifinsa ya koyi jiƙa fata da kankare ta da dafa ta da bagaruwa, har ta kai ko ido rufe yakan shafa ƙirgi ya nuna inda kaska ta ci, da inda wuƙar mahauci ta zame, da ɓangaren da zai saki idan an ja shi.

Zuwa Legas da aure

A shekarar 1971 mahaifinsa ya tura shi rakiyar ƙiraga zuwa Legas a jirgin ƙasa, da niyyar wata uku. Ya sauka a zangon Agege da akwatin ƙarfe ɗaya, ya sami aikin tantance fatu a kwata, wata ukun kuma suka yi ta haihuwar 'ya'ya.

A shekarar 1975 ya auri Rahmatu, 'yar wani mai goro, haifaffiyar Agege wadda Yarabanci ya zauna a bakinta kamar Hausa. Tun daga wannan shekara duk wanda ya tambaye shi ranar komawa gida, amsarsa ɗaya ce: bayan Sallah. A cikin akwatin nan yakan ajiye ƙullin bagaruwa da fatake ke kawo masa, ba don jima ba, sai don ya buɗe ya shaƙa. Rahmatu takan zolaye shi da cewa, "Malam, tun ina amarya ake ɗaure akwatin nan. Wace Sallar ce dai, ta bana ko ta jikokinmu?"

Aiki a masana'anta

A shekarar 1978 ya kama aiki a wata masana'antar takalma da ke Ikeja, mallakar Cif Adebimpe, a matsayin mai yankan fata da hannu. Mahaifinsa ya rasu a 1983, ya je ta'aziyya ya yi kwana tara, wannan kuwa shi ne ganinsa na ƙarshe da Ƙaura. Daga nan sai wasiƙun Alu, waɗanda kowace ke rufewa da cewa ramukan Baba suna nan suna jiransa. Ya ƙudurta ba zai koma hannu rabbana ba, sai da ilimin da zai tayar da majemar ta yi daidai da zamani.

Shekarun da suka biyo baya sun yi wa masana'antar tsanani. Takalman gwanjo suka cika kasuwa, wuta ta zama baƙuwa, ma'aikata ɗari da arba'in suka koma arba'in da shida. Injina biyu da aka sayo, na yanka da na tsaga fata, suka shekara huɗu lulluɓe da tamfol saboda babu wanda ya san kansu.

Horon shekarar 2000

Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, wata gidauniyar ƙasashen waje ta ba ƙananan masana'antu tallafin horar da ma'aikata. Cif Adebimpe ya riga ya yanke shawarar sallamar tsofaffin hannu ya ɗauko matasa masu takarda, sai ga sharaɗin gidauniyar: ba za a horar da kowa ba sai wanda ya shekara biyar a wurin, kuma dole ya ci jarrabawa a ƙarshe. Sharaɗi na farko ya ceci Malam Isiyaku, na biyu ya sa shi a tsaka mai wuya, domin jarrabawar a rubuce take da Turanci, faɗuwarta kuma na nufin sallama bayan hidimar shekara ashirin da biyu.

An fara horon a watan Maris na 2000 ƙarƙashin Injiniya Firdausi Iliyasu, wadda aka ɗauko daga Zariya. Malam Isiyaku ya sayi littafi mai bango baƙi, yana rubuta duk abin da ta faɗa da ajami, daga dama zuwa hagu, abokan aiki suna dariya suna cewa Baba ya zo yi wa inji laya. A mako na uku manaja ya nemi a soke sunansa don kada ya ja wa kamfani faɗuwa.

Injiniya ta nemi ya karanta mata shafi ɗaya kafin ta sa hannu. Ya karanta yadda ake daidaita kaifin injin tsaga, ba tuntuɓe, sannan ya karanta abin da ya ƙara a gefen shafin, wanda ba ta koyar ba. Ya rubuta cewa masu koyo suna jera samfurin yanka a kan fata layi-layi don ta ɗauki da yawa, alhali fatar gadon baya ba ta saki, ta ciki kuwa tana saki, don haka fuskar takalmi daga fatar gadon baya ake fitar da ita, ta ciki kuwa a bar wa harshen takalmi da shafinsa na ciki. Ya ce mata, "Ranki ya daɗe, inji ya fi ni sauri, amma bai taɓa ganin saniya ba."

Washegari aka gwada, aka yanka rabin fata yadda aka saba, rabi yadda ya faɗa, bambanci ya fito fili. Injiniya Firdausi ta rubuta wa gidauniyar da kanta, aka yarda a jarraba shi da baki da kuma aiki a gaban inji. A watan Yuni ya ci, ya zo na biyu cikin mutum goma sha takwas.

Abin da horon ya haifar

Cikin shekara guda fatar da ake zubarwa ta ragu da fiye da rabi, takalman da 'yan kasuwa ke mayarwa suka yi ƙaranci, yankewar yatsu ta tsaya, aka kuma daina jiran makaniki daga waje duk sanda inji ya yi tari. A 2001 masana'antar ta sami kwangilar takalman 'yan makaranta, ta dawo da mutum talatin daga cikin waɗanda ta sallama. Cif Adebimpe, wanda ya so korar tsofaffi, sai ga shi yana zagayawa da baƙi yana nuna musu tsofaffin kamar shi ya ƙirƙiro dabarar.

A tsakiyar 2001 Malam Isiyaku ya karɓi takardar shaidarsa, ya sa ta cikin akwati kusa da bagaruwa, ya sanar da ajiye aiki. Sai gidauniyar ta ce kashi na biyu na tallafin ba zai fito ba sai an sami ɗan gida da zai horar da mutum goma sha biyu, babu kuwa wanda ya kai shi. Ya yi kwanaki yana juya maganar, zuciyarsa tana Ƙaura, daga bisani ya ce ba zai tafi ya bar mutane rabi da rabi ba. Ya ƙara shekara ɗaya. A cikinta ne 'yarsa Badiyya ta juya kundin nasa na ajami zuwa boko, wani ma'aikaci kuma ya mayar da shi Yarabanci.

Rasuwa

Ya yaye ɗalibansa a ƙarshen Yuli na 2002, ya tsayar da ranar tafiya, karo na farko ba tare da ambaton Sallah ba. Ranar Talata, 13 ga Agusta, bayan gajeruwar jinya ta ciwon ƙirji, Allah ya yi masa rasuwa yana da shekara hamsin da shida, saura kwana goma sha ɗaya ya tashi. An yi masa sallah bayan Azahar, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Agege, Hausawa da Yarabawan masana'antar suna karɓa-karɓar makara.

Bayan sadakar arba'in, babban ɗansa Mahbub ya kai akwatin Ƙaura. Bai tarar da rami ko ɗaya ba. Alu ya faɗa masa cikin kuka cewa tun 1989 aka cike su aka gina ɗakuna a kai, kuma kowace shekara yakan ɗauki alƙalami don ya faɗa wa yayansa gaskiya, sai ya kasa.

Marigayin ya bar matarsa Rahmatu da 'ya'ya biyar: Mahbub, Badiyya, Zulkifilu, Ridwanu da A'ishatul Humaira, dukansu haifaffun Agege, da jikoki bakwai. Kundin yana masana'antar ana koyarwa da shi. Akwatin kuwa Mahbub ya dawo da shi, Rahmatu ta mayar da shi inda yake tun tana amarya, ba ta kuma yarda a kwance igiyarsa ba. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce gidan da ya koma.