Kujerar da Kawu Ya Bari

Ranar Alhamis, shida ga watan Yuni, Ubangiji ya kira ka, Kawu. Ka faɗi a shagonka na aski, almakashi a hannu, kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa.

Ba mu gama share hawaye ba aka aiko cewa dattawan ikilisiya za su zauna a kanka ranar Litinin. Wai shekaru ke nan ba a ganinka a sujadar Lahadi, ba ka cin Jibin Ubangiji, don haka sai an duba ko za a shigar da gawarka majami'a, ko a wuce da kai maƙabarta kai tsaye. Raina ya ɓaci matuƙa. Kai ka koya mini addu'a ina zaune a kujerar aski, ka riƙe mini kai kana cewa in daina motsi kada in fita da kunne ɗaya. Amma ni ma ban san inda kake zuwa da jakarka duk safiyar Lahadi ba. Matarka ta sani, sai dai ka ɗaure mata baki.

Muka zauna a ofishin fasto, tana murza bakin gyalenta. Babban dattijo ya ce ba a ganin zuciya, abin da ido ya gani da shi ake hukunci. Yana cikin magana aka turo ƙofa. Matar tsohon shugaban mawaƙa ce, tana tura mijinta a keken guragu. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai yarda kowa ya gan shi ba. Gemu ya cika masa fuska. Dattijon ya tambaye ta me ya hana ta sujada jiya, ita da ba ta fashi.

"Baba, wa zan bar wa shi?" in ji ta. "Mai askin nan ne yake zuwa ya yi masa wanka da aski, ya karanta masa Zabura, ni kuma in taho. Kujerar da kuke ganina a kai a majami'a, ta mai askin ce."

Ba wanda ya ɗaga kai. Daga baya fasto ya ce a kawo ka majami'a ranar Laraba.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, Kawu. Da ba ta zo ba fa? Na san dai Wanda ka yi dominsa bai jira shaidarta ba.

Ubangiji Yesu ya karɓe ka cikin hutunsa, ya gafarta maka kurakuranka. Ya ta'azantar da matarka da 'ya'yanka, ya ba mu haƙurin rashinka. Jakarka tana wurina. Ban iya riƙe reza ba, amma ranar Lahadi zan je.