Birkin Baƙi a Hanyar Gidan Waya

Ba na mantawa da wata Asabar ta tsakiyar damina, lokacin ina shugaban makanikan garejinmu a Kafanchan. Ga wanda bai san tsarinmu ba, kowane oga da rumfarsa, amma doka ɗaya muke bi, kuma shugaba ne ke sauraron ƙara. Babbar dokarmu a kan birki take: in ka taɓa shi, sai ka fitar da iskar da ta shiga bututu, ka zagaya da motar ka gwada, sannan ka miƙa makulli.

Da rana wani Mista Obinna ya shigo da matarsa da 'ya'yansu. Daga Legas suke, sun kwana Abuja, sun biyo ta Kagarko za su Jos biki. Ba su taɓa zuwa yankinmu ba, ba sa jin Hausa. Birkinsu ya yi laushi, suka faɗa rumfar Danjuma, wanda ya shekara goma cikinmu. Ni ina ƙarƙashin wata bas, ban san abin da ake ciki ba.

Sai da suka tafi Mama Rifkatu mai tuwo ta zo ta ja ni da ƙafa.

"Baba Ishaku, fito! Danjuman nan zai kashe mutane. Bututun birkin baƙin nan ya tsage, ya matse shi da filaya ya naɗe da roba. Na ce masa ba ka tsoron Allah? Ya ce baƙi ne, gobe ina za su gan shi?"

Wannan ma bai ishe shi ba. Da mutumin ya nemi a gwada motar, Danjuma ya ce masa babu lokaci, garin nan ba lafiya, ya gudu tun da rana, kuma duk wanda ya ɗaga masa hannu a hanya mai satar mutane ne. Alhali ranar kasuwa na ci lafiya lau.

Na hau babur na bi su. Na cim musu a hanyar Gidan Waya, ina hon, ina nuna tayarsu. Mutumin ya dube ni ta madubi ya ƙara wuta. Nan na gane ni ne nake tura su ga mutuwa, sai na ja baya.

A wata gangara birkin ya tafi ƙasa gaba ɗaya. Allah ya taimake shi ya karkata cikin gonar masara, kunyoyi suka riƙe motar. Da na iso, manoma sun kewaye ta da fartanyunsu a hannu, domin daga noma suka rugo. Matar ta kulle ƙofofi tana ihu, ƙaramar 'yarsu na kuka da hannu a karye, uban ya ɗaga hannuwa sama yana roƙon kada a kashe su. Mutanen da suka zo ceto ke nan fa!

Wata tsohuwa ce ta yi dabara. Ta ce kowa ya ajiye fartanya ya matsa baya. Ta kwance ɗankwalinta, ta nuna wa matar hannun yarinyar ta gilas, tana cewa da turancin buroka ita ma uwa ce. Da ƙyar aka buɗe. Da ɗankwalin nan aka ɗaure hannun, wani mai a-kori-kura ya kai su asibiti.

Washegari bayan coci na tara ogogi, na ajiye bututun a gaban Danjuma.

"Aikin wa ke nan?"

"Baba, ai ba wanda ya mutu," in ji shi.

Sai da aka riƙe ni. Na ce, "Robar da ka naɗa laifi ɗaya ne. Amma ka ɗauki sunan garinmu ka tsorata baƙo don kada ya gane ha'incinka? Mun binne mutane a ƙasar nan saboda rikici na gaske, kai kuma da shi kake rufe aikin banza?"

Wasu suka ce a yi masa afuwa, yana da iyali. Na tambaye su waɗanda ke cikin motar ba iyali ba ne? Ranar Danjuma ya kwashe kayansa ya bar garejin. Mu muka gyara motar, na tuƙa ta da kaina har bakin asibiti. Mista Obinna ya karɓi makulli ya kasa kallon idona, sai haƙuri yake ba ni, shi da aka zalunta.

Ku da kuke koyon aikin nan, ku ji ni. Mai tafiya da iyali a ƙasar da bai sani ba ya kamata ya duba motarsa tun daga gida, ya yi tafiyar rana, ya tambayi fiye da mutum ɗaya. Amma komai shirinsa, in mota ta lalace, ransa da na 'ya'yansa a hannunku suke, kuma duk abin da kuka gaya masa zai yarda. Wanda zai iya yi wa irin wannan mutum ƙarya, kada ya sake kiran kansa makanike a gabana.