Ranar da na soki yatsana a gaban Gwaggo

Shekara shida na yi ina aikin dare a wani asibiti a Dutse, ma'aikacin jinya. Ƙarfe biyun dare na yi, mai shayin bakin ƙofa ya san kofina: madara rabin gwangwani, sukari cokali huɗu, burodi, ga indomi da ƙwai. Gab da asuba in kora da lemon kwalba don ido ya buɗe. In na koma gida barcin awa uku ne, yara na ta ihu a tsakar gida, in farka da yunwa kamar na kwana biyu ban ci ba.

Tumbi ya fito. In na je gida Miga sai 'yan'uwa su yi ta shafa shi, "Kai, lallai aikin gwamnati ya karɓe ka!" Ni kuma sakarai har ƙara turo shi nake. Ƙishirwa da yawan fitsarin da suka dame ni, na ɗora wa zafin gari.

Wata safiya na tashi daga aiki aka kawo Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta goye ni ina jariri. Ciwon suga gare ta. Na tambayi abin da take ci, ta ce jiya an yi suna a maƙwabta, ta ɗan taɓa fura da sukari. Wallahi ban san lokacin da na hau ta da faɗa ba, a gaban layin mutane.

"Haba Gwaggo! Sau nawa zan faɗa miki? Kwaɗayi ne zai kai ki kabari. Ke ba yarinya ba, a ce ba za ki iya riƙe bakinki ba?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Wata abokiyar aikina ta zo da na'urar gwajin suga, Gwaggo ta ɓoye hannu, tsoron allura take. Na fizge na'urar. "Duba nan, ko zafi babu!" Na soki yatsana na ɗiga jinin, don kawai in nuna mata.

Abokiyar aikin ta leƙa lambar, ta dube ni, ta sake leƙawa. Ta rage murya ta ce, "Malam, gobe ka zo kafin ka karya." Aka gwada Gwaggo. Nata bai kai nawa ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Gwaggo ba ta iya karatu ba, amma ta ga fuskokinmu. Na tsaya jiran ta rama, ta cancanci ta rama. Sai ta kama hannuna ta danne yatsan da audugar da aka ba ta don nata, ta ce wa abokiyar aikina, "'Yar nan, ki duba min shi da kyau. Yaron nan ba ya barci."

Washegari gwaji ya tabbatar. Likita ya ce jiki ba ya iya sarrafa sukarin tsakar dare kamar na rana, kuma ƙarancin barci shi ke buɗe wa mutum ciki. Na san wannan. Ni nake faɗa wa wasu.

Gwaggo ta koma Miga ba ta gaya wa kowa ba, ko ciwon, ko zagin. Duk wanda zai taho Dutse sai ta ba shi ƙullin busasshen zogale ya kawo min, rabin wanda ta shanya wa kanta. Ta rasu bara da damina. Sau uku na je da niyyar ba ta haƙuri, duk ukun na gaishe ta na dawo.